Kifin shak a falo: wane iri, kuma a wane tanki?

Sha'awar ajiye kifin ado a tankin gilashi tana ƙara shiga gidaje, kuma a cikin kifayen da ake sayarwa babu mai jan ido kamar wanda mai shago zai nuna da yatsa ya ce, "Wannan shak ne." Ɗan kifi ne da bai fi tsawon yatsa ba, jiki na ƙyalli, fiffiken baya a miƙe. Mai saye zai tambayi kuɗinsa, ya tambayi abin da yake ci, a zuba masa shi a leda ya kama hanya. Tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce ba a cika yi ba: idan kifin nan ya gama girma, ina zai kai? Amsarta ce ke yanke girman tanki, da kuɗin ruwa da na wuta, da ma ko ya dace a saya tun farko. Yawancin mutane tanki suke fara saye daidai gurbin da ya rage a falo, sannan su nemi kifin da ya burge su. Wannan juyin tsari shi ne sanadin mutuwar kifaye masu yawa.

Kusan duk abin da ake sayarwa da sunan shak don tankin ruwan daɗi ba shak ba ne. Shak na gaskiya ba shi da ƙashi, guringuntsi ne ke riƙe da jikinsa. Yana da tsagogin numfashi biyar zuwa bakwai a kowane gefen kai, fatarsa kuma tana da kaushi. Ire-irensa sun haura 500, kuma kusan dukkansu a teku suke. Wanda ya yi suna wajen kutsawa ruwan daɗi, Carcharhinus leucas, da ake samu a Tafkin Nikaragwa da Kogin Zambezi, yakan wuce mita biyu, saboda haka ba ya cikin lissafin gida. Na shago kuwa kifaye ne masu ƙashi. Wasu dangin dummi ne na kogunanmu, wasu dangin tarwada. Siffar fiffike ce ta jawo musu sunan, 'yan kasuwa kuma suka riƙe shi don yana sayar da kaya.

Wannan ba ya nufin ba su cancanci a ajiye su ba. Biyu daga cikinsu ma su ne na fi ganin sun dace da gidan mutum mai matsakaicin ƙarfi. Na farko shi ne mai jar wutsiya, Epalzeorhynchos bicolor: jiki baƙi ƙirin, wutsiya ja wur. Asalinsa yankin Kogin Cawo Faraya ne a ƙasar Tailan, kuma tsawonsa ba ya wuce santimita 12 zuwa 15. Daga 1996 har zuwa 2011 an ɗauka ya ƙare a ruwayensa na asali, saboda madatsun ruwa da busar da fadamu, kafin a tabbatar akwai 'yan tsiraru da suka rage. Waɗanda ke shaguna duk a gonakin kifi ake ƙyanƙyashe su. Na biyu ɗan'uwansa ne, Epalzeorhynchos frenatum, wanda fukafukansa duka ja ne, akwai ma zabiyansa mai farin jiki da jan ido.

Matsalar waɗannan biyu ba girma ba ce, hali ne. Tun yana ƙarami mai jar wutsiya yake zaɓar wani lungu, ko kogon dutse ko ƙarƙashin guntun itace, ya mayar da shi gidansa. Da ya fara tasawa sai ya shiga sintiri. Za ka gan shi ya fito daga kogon, ya miƙe fiffike, ya bi wani kifi da gudu har ƙarshen gilashi, ya juyo ya ɗan kankari gansakuka a jikin dutse, sannan ya koma bakin kogonsa ya tsaya. Idan tanki gajere ne, wanda ake kora ba shi da wurin tsira, sai ya maƙale a kusurwar sama ya daina cin abinci. Idan aka haɗa biyu iri ɗaya, mai ƙarfin kan takura wa ɗayan har ya mutu. Don haka guda ɗaya ake ajiyewa, a tanki mai tsawon santimita 120 aƙalla, mai cin lita 200 ko kusa da haka, da duwatsu da tsirrai da za su raba wurin yadda kifayen ba za su riƙa haɗa ido kullum ba. Wanda ya yi haka zai more shi shekaru.

Bala, Balantiocheilos melanopterus, shi ne farin nan mai ruwan azurfa da baƙin layi a gefen fukafukai, kuma shi ya fi kowa kama da shak. Daga kogunan Sumatara da Boniyo da zirin Malesiya ya fito. Ba shi da faɗa ko kaɗan, amma yana kaiwa santimita 35, ga gudu, ga tsalle, kuma kifin garke ne: shi kaɗai yakan zama matsoraci, sai sun kai biyar ko shida hankalinsu ke kwanciya. Kifi shida masu tsawon da ya fi taku ɗaya, masu son gudu a jere, ba za su zauna a abin da bai kai santimita 180 ba, da lita 500 zuwa sama, da murfi mai nauyi. Har wannan ma mafi ƙaranci ne.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne fangasiyus, Pangasianodon hypophthalmus. Ana sayar da shi da araha yana ɗan santimita biyar ko shida, baƙi mai sheƙi da ratsi a gefe, yana kai-komo ba hutawa. Ɗan'uwan tarwada ne daga Kogin Mekon, kuma yana iya kaiwa santimita 130 da kilo 44. Shi ne dai kifin da ƙasar Biyetnam ke nomawa sama da tan miliyan ɗaya a shekara, tana fitar da tsokarsa daskararriya zuwa Turai da Amurka. Wato kifin kasuwa ne na ci, aka ɗebo 'ya'yansa aka sa a gilashi. Ga shi da saurin firgita: a kunna fitila ba zato ko a buga ƙofa, sai ya zabura ya gwara kai da gilashi, hancinsa ya saɓule, wani lokaci ya suma a ƙasan tanki. Akwai ma babban wansa, Pangasius sanitwongsei, mai dogon fiffike, wanda ke kaiwa kusan mita uku, shi ma ana sayar da 'ya'yansa. Babu falon da zai ɗauki ko ɗaya daga cikinsu.

A nan ne ake jin maganar nan da ta yaɗu, wai kifi daidai tankinsa yake girma. Gaskiyar da ke cikinta ita ce kifin da aka matse a gurɓataccen ruwa yakan tsumbure. Amma tsumburewa ciwo ce: baya ya karkace, garkuwar jiki ta yi rauni, rai ya gajarta. Mai shagon da ya faɗa maka haka ko bai sani ba ne, ko ciniki yake nema.

Sauran ana iya wuce su da sauri. Wanda ake dangantawa da ƙasar Kolambiya, Ariopsis seemanni, yana ƙarami yana jure ruwan daɗi, amma da ya girma sai ruwan gishiri, kuma ƙayoyinsa na da dafi. Na ƙasar Sin mai dogon fiffike, daga Kogin Yanze, kifin ruwan sanyi ne da ke kusan kaiwa mita ko ya wuce, kyawawan ratsinsa kuma suna gushewa idan ya girma.

To, idan mutum ya ce shi shak na gaskiya yake so fa? Abin da ya raba mai yiwuwa da marar yiwuwa shi ne yadda kifin ke numfashi da yadda yake riƙe kansa a ruwa. Shak ba shi da jakar iskar da ke hana sauran kifaye nutsewa. Hantarsa mai yawan mai ce ke rage masa nauyi, sauran kuma sai da tafiya. Waɗanda ke yawo a sararin teku, da yawansu sai suna tafiya baki a ɗan buɗe ruwa ke ratsa kafofin numfashinsu. Kuma tafiyar tana da tsari: ya kaɗa wutsiya ya samu gudu, sannan ya saki jiki ya sulala mai nisa, a nan yake hutawa. Tanki gajere mai kusurwoyi yana hana shi sulalawar, kullum yana cikin juyi, ƙarfinsa na ƙarewa a hankali.

Manyan gidajen kallon kifi na duniya ma sun sha wuya a kan wannan. Na Montare a jihar Kalifoniya ya riƙe wata 'yar farar shak kwana 198, daga Satumban 2004 zuwa Maris na 2005, a tanki mai cin galan miliyan ɗaya, daga ƙarshe aka mayar da ita teku. A Janairun 2016 wani gidan kifi a Okinawa ta Jafan ya karɓi babban farin shak mai mita uku da rabi, ya mutu bayan kwana uku. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban katafaren gilashin nan na Dubai Mall yana kallon shak na wucewa, ya tuna lita miliyan 10 ce a bayan gilashin, da ma'aikata da injuna da ba sa tsayawa dare da rana.

Duk da haka ana tallan 'ya'yan shak mai baƙin bakin fiffike, Carcharhinus melanopterus, ga masu kuɗi. Yana kaiwa mita ɗaya da rabi ko fiye, ba ya daina yawo, kuma abin da yake bukata kududdufi ne zagayayye mai dubun-dubatar lita. Bayan taron yarjejeniyar CITES kan fataucin halittu da aka yi a Fanama a Nuwamban 2022, danginsa duka sun shiga jerin da ba a fataucinsu tsakanin ƙasashe sai da takardar izini. Wannan ba abin mamaki ba ne, tun da binciken da aka fitar a 2021 ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na ire-iren shak da danginsu na fuskantar barazanar ƙarewa. Akwai kuma Ginglymostoma cirratum na Tekun Atilantika, wanda ƙaraminsa ke kwance shiru a ƙasa kamar ba ruwansa da kowa, alhali zai kai mita uku.

Abin da ya rage ga gida 'yan ƙalilan ne, masu zaman ƙasa. Waɗannan suna iya zuƙo ruwa da baki ko ta wata 'yar kafa da ke bayan ido, saboda haka suna numfashi a kwance. Da rana suna ɓuya a kogo, da dare su fito kiwo. Mafi ƙanƙanta da aka saba samu shi ne Atelomycterus marmoratus, siriri mai ɗige-ɗige daga tekunan Indonesiya da Filifin, wanda ke tsayawa a santimita 70. Sai shak ɗin gora iri biyu: mai fararen ɗigo, Chiloscyllium plagiosum, da ke kusan santimita 90, da mai ratsin ruwan ƙasa, Chiloscyllium punctatum, da ke kaiwa mita ko ya ɗan wuce. Sai mai tambarin kafaɗa, Hemiscyllium ocellatum, na arewacin Ostireliya da Niyu Gini, mai babban baƙin tabo zagaye da fari a bayan fiffiken gaba. Shi wannan tafiya yake yi a kan fukafukansa huɗu, yana lanƙwasa jiki yana bin tsakanin duwatsu.

Tarkon da ke tattare da shak ɗin gora shi ne ƙwansa. Ana sayar da ƙwan, wata 'yar jaka mai tauri ruwan ƙasa, wadda idan ka ɗaga ta a gaban fitila za ka ga ɗan tayin yana kaɗa wutsiya a jikin ƙwanduwa. Bayan kimanin wata huɗu da saka ƙwan sai ya fito, santimita 15 ko kusa da haka, da ratsin baƙi da fari gwanin sha'awa. A tankin lita 150 ma zai yi kamar ya samu fili. Amma cikin shekara biyu zuwa uku ya ninka tsawonsa sau da yawa, ratsin ya dusashe ya koma ruwan ƙasa, kuma yana iya rayuwa shekara 20. Mai sayen ƙwai alƙawarin shekara 20 yake ɗauka, ko ya sani ko bai sani ba.

Yanzu ga batun awo. An daɗe ana ambaton galan 180 na Amurka, wato lita 680, a matsayin mafi ƙarancin tanki ga shak ɗin gora. A duba siffar wannan tanki yadda aka saba ƙera shi: tsawo santimita 183, faɗi 61, zurfi 61. Kifi mai tsawon mita ɗaya a wuri mai faɗin santimita 61 ba zai juya ba sai ya naɗe jiki, kuma kafin ya kaɗa wutsiya sau biyu ya isa bango. A ganina wannan ma'auni na rainon matashi ne, ba na zaman dindindin ba. Ga shak mai zaman ƙasa, yawan lita ba shi ne abin dubawa na farko ba. Faɗin daɓen tanki ne. Dogon tanki mai zurfi da ƙunci, irin wanda ke ƙawata bango, ba shi da amfani gare shi. Abin da na fi gamsuwa da shi shi ne tsawon tanki ya ninka tsawon babban kifin sau uku aƙalla, faɗinsa kuma ya fi tsawon kifin, kusurwoyi a zagaye in da hali.

Lissafin ba wuya. A ninka tsawo da faɗi da zurfi a santimita, a raba da 1,000, a samu lita. Ga kifi mai mita ɗaya: 300 sau 120 sau 60 ya ba da lita 2,160, wato jarka mai lita 25 guda 86. Nauyin ruwan kaɗai ya haura tan biyu, ban da gilashi da yashi da duwatsu, saboda haka ba abin ɗorawa a kan teburin katako ko a hawa na biyu ba ne sai injiniyan gini ya duba. Ruwan teku na ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, ke nan cikon farko zai ci sama da kilo 75. Ba kuma gishirin miya ba, haɗi ne na musamman da ake shigo da shi daga waje, mai ɗauke da sauran ma'adanan teku. Idan ana sauya kashi 10 cikin ɗari na ruwan duk mako biyu, gishirin shekara zai kusan kilo 200. Mai ɗige-ɗigen nan na santimita 70 yana sauƙaƙa lissafin zuwa tanki mai kamar 210 da 90, amma har shi ya wuce lita dubu.

Shak mai cin nama ne, kashinsa da ragowar abincinsa na sakin amoniya, wadda guba ce ga kifi. Abin da ke kare shi ƙwayoyin bakteriya ne da ke zama a cikin matata da jikin duwatsu, suna mayar da amoniya naitirait, sannan naitiret mai sauƙin illa, wanda sauyin ruwa ke ragewa. Kafin waɗannan ƙwayoyi su kafu ana ɗaukar mako huɗu zuwa shida, kuma a wannan lokaci bai kamata shak ya shiga ba. Ana kuma bukatar na'urar da ke tattara dauɗa cikin kumfa ta fitar da ita tun ba ta ruɓe ba. Yashin ƙasa dole ya zama mai laushi, don tsakuwa mai kaifi na goge masa ciki ya yi ja ya kamu da ciwo. Duwatsu a kafa su da kyau, domin yana tona ƙarƙashinsu. Maganin kifi mai jan ƙarfe a ciki, wanda ake yawan amfani da shi ga sauran kifayen teku, yana cutar da shak ƙwarai. A hancinsa kuma akwai ƙananan kafofi da ke jin motsin lantarki komai ƙanƙantarsa, da su yake gano abinci a ƙarƙashin yashi. Famfon da ke yoyon wuta a cikin ruwa yana iya hana shi ci da sukuni, mai shi bai san dalili ba.

Abincinsa jatan lande ne da kaguwa da yankan kifin teku, sau biyu ko uku a mako ga babba, ana miƙa masa da sanda. Ciyar da shi iri ɗaya kullum na jawo ƙarancin bitamin, rashin aidin kuma na sa shi maƙoƙo, kumburi ya fito masa a ƙarƙashin maƙogwaro har ya kasa haɗiya.

Ga mai zaune a Kano ko Sakkwato ko Yamai akwai ƙarin abu biyu da littattafan Turai ba sa damuwa da su: wuta da zafi. Waɗannan kifaye suna son ruwa mai digiri 24 zuwa 26. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura 40, ruwan ɗaki zai wuce abin da suke jurewa, sai da injin sanyaya ruwa, wanda shi ma mai shan wuta ne. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar oksijin sosai, ruwan gishiri kuma dama bai kai na daɗi riƙewa ba. Da an ɗauke wuta famfo ya tsaya, iskar ta fara ƙarewa, ƙwayoyin matata su fara mutuwa cikin 'yan sa'o'i, kuma idan wuta ta dawo famfon zai turo ruɓaɓɓen ruwan cikin tanki. An san mai tambarin kafaɗa da jure ƙarancin iska na ɗan lokaci, don a kududdufan da teku ke bari idan ya janye yake kiwo, amma juriyarsa ba ta kai ga matatar da ta mutu. Sola da batir da janareta a nan ba ƙari ba ne, ɓangaren tankin ne. Da hunturu kuma busasshiyar iska na shanye ruwa ta bar gishiri, sai an riƙa cikawa da tataccen ruwan daɗi kullum, in ba haka ba gishirin ya yi yawa.

Wanda ya saba kiwon tarwada ya yi hattara kada gogewarsa ta yaudare shi. Tarwada tana shaƙar iska kai tsaye daga sama, shi ya sa take rayuwa a cunkushe a ruwan da ya yi kore. Shak ba shi da wannan baiwa, bala da mai jar wutsiya ma ba su da ita.

Sai ranar da kifi ya fi ƙarfin tankinsa, wadda masu saye ba sa son tunawa. A Turai da Amurka ma manyan gidajen kifi sun gaji da tayin irin waɗannan, yawanci ba sa karɓa. Shak na teku dai ba shi da inda za a kai shi daga garin da ke nesa da gaɓa da kilomita kusan dubu. Na ruwan daɗi kuwa, zuba shi a dam ko kogi laifi ne babba, don baƙon kifi na iya kawo cuta ko ya yi gogayya da na gida da masunta ke dogaro da su. Dabbar da mutum ya tsare ta kasa neman wa kanta mafita, haƙƙinta na wuyansa har ta mutu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Mai karatu, idan abin da kake da shi tanki ne mai mita ɗaya da 'yan kai da wutar da ke zuwa tana tafiya, ka ɗauki mai jar wutsiya guda ɗaya ko ɗan'uwansa mai jajayen fukafukai, ka tanadi ɗan injin iska mai batir. Idan kana da wurin mita biyu da tsayayyiyar wuta, garken bala zai yi. Fangasiyus ka bar shi a shago komai arharsa. Shak na gaskiya kuwa sai wanda ya riga ya gina tankin girmansa na ƙarshe, ya taɓa riƙe tankin ruwan gishiri ya ga yadda yake, kuma ya tabbata wutarsa ba za ta yanke ba ko na dare ɗaya. Kafin ka biya kuɗin kowane kifi, ka sa mai shago ya rubuta maka sunansa na kimiyya, ka je ka binciki iyakar girmansa, sannan ka auna falonka.